Laftof ɗina taƙi tashi tana rubuta 3F0, mai gyara yace sai fomat, dan Allah a taimaka

Khadeejah_Zr

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min dan wlh hankalina a tashe yake. Laftof ɗina HP EliteBook 840 G3 ce, tokumbo na siya tun ina aji biyu kuma bata taɓa bani wata matsala ba in banda batir da ya mutu tuntuni, sai a jikin caja take aiki ana ɗauke wuta itama take mutuwa. To da muka tafi dogon hutu na barta cikin akwati ban kunna ba har muka dawo, jiya da daddare na jona caja na danna, fanka ta juya, tambarin HP ya fito lafiya lau, sai wani rubutu ya fito wai CMOS checksum is invalid da lamba 502 a ƙarshensa, kafin in gama karantawa ta mutu ta sake kunna kanta, daga nan sai baƙin allo da wannan rubutun:

Boot Device Not Found
Please install an operating system on your hard disk
Hard Disk (3F0)

Na kashe na kunna har na gaji abu ɗaya take nunawa. Yau da safe na kai wajen wani mai gyara a bayan makaranta, ko buɗe ta bai yi ba yana ganin rubutun yace had dis ya mutu sai an sa sabo an ɗora Windows, wai in ma bai mutu ba dole sai an yi fomat. Nace masa kayan ciki fa? yace sai dai haƙuri. Jama'a furojet ɗina ne a ciki babi na ɗaya zuwa na huɗu, da duk bayanan da na tattaro daga takardun tambayoyi na shigar a manhajar lissafin bayanai ta SPSS, wanda ke imel ɗina tsohon kwafi ne tun kafin malamin da ke dubani ya yi gyara. Shine na karɓo kayata nace zan yi shawara. Dan Allah da gaske ne babu wata hanya? Ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba, ba ta wani ƙara ko ƙauri.

Abba_Sharp

Wslm. Anty kar ki damu kawai RAM ne, ƙurar hunturun nan ce ke shiga. Ki cire caja, ki danne madannin kunnawa wajen sakan 15 kar ki saki, sannan ki mayar da caja ki gwada. In bata tashi ba a buɗe murfin ƙasa a zaro RAM a goge haƙoransa masu ruwan gwal ɗin nan da magogin fensir a mayar har sai yayi ƙas. Ni tawa haka tayi aka yi mata ta tashi. In kuma duk bai yi ba to gsky mai gyaran yana da gaskiya, in kwamfuta tace bata ga had dis ba ai magana ta ƙare.

Malam Sule Mai Kwamfuta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai kin kyauta da kika karɓo kayanki, kar ki bari kowa ya yi fomat ko ya ɗora sabon Windows akan wannan dis ɗin sai an kwashe abinda ke ciki, wannan shine na farko kuma shine na ƙarshe.

Abba shawararka ba laifi bace amma ba ta wannan ciwon bace. Ita kwamfuta tashi take mataki mataki, kuma abinda zaka fara tambaya shine a ina ta tsaya. In ka danna babu ko wutar da ta kawo, to caja ne ko ramin caja ko bod. In wuta ta kawo fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin ko tambari babu, nan ne ake zargin RAM, kuma ita HP faɗa maka take da wutar Caps Lock, a irin waɗannan na baya bayan nan in ta yi ƙyaftawa uku dogaye sannan biyu gajeru to RAM ne, tsofaffin kuma uku kawai suke yi a jere. Amma ita tata har tambari ta nuna ta rubuta bayani tsaf a allo, kenan RAM na aiki, allo na aiki, caja na aiki. Ta wuce duk wannan, inda ta tsaya shine wajen neman Windows. Gwajin danne madannin babu illa tana iya yi, amma babu dalilin zaro RAM.

Yanzu abinda ya ja hankalina a bayaninki ba 3F0 ɗin bane, 502 ɗin da ya riga shi fitowa ne, kuma shi nake zaton mai gyaran bai tsaya ya ji ba. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir mai kamar kwabo, bolt 3 ne, aikinsa ya riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi wajen tashi, lokacin da babu wuta. Wannan 840 G3 ɗin tun 2016 aka fito dasu, kinga batirin ya sha jiki, ga babban batir ya mutu, ga shi kin ajiye ta tsawon hutu ba wutar da ke shiga ta ko'ina. Shi rubutun 502 abinda yake cewa kenan, na rasa saitina zan koma na kamfani. To ga inda matsalar take, masu sayar da tokumbo da yawa a Legacy suke ɗora Windows, tsohon tsari kenan wanda dis ɗin ke kan MBR, in saiti ya koma na kamfani yana iya komawa sabon tsarin UEFI zalla da Secure Boot a kunne, shi kuma UEFI bai san yadda zai tashi daga irin wancan ɗorin ba, sai ya duba bai ga abinda ya sani ba yace miki babu komai. Alhali komai na nan yadda kika barshi. Wannan na gani a shagona ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Ban ce lallai shine ba, SSD, wato dis ɗin da ke ajiye kaya, na mutuwa, wani lokacin kuma motsawa yake daga mazauninsa. Amma ai akwai gwaji, kyauta, a cikin kwamfutar. Ki kunna ki dinga danna Esc da sauri har wani jeri ya fito, ki danna F2. In babban shafin gwaji ya buɗe ki shiga Component Tests sannan Storage sannan Quick Test, in kuma ƙaramin ne zaki ga Hard Drive Check kai tsaye. Mintuna kaɗan yake ɗauka. Zai nuna miki SMART Check da Short DST. In duka sun rubuta PASSED dis ɗinki na raye. In ya rubuta FAILED zai bada wata doguwar lamba, nan ki kashe ki daina kunnawa sai an zo ceton kaya. In kuma yace babu dis kwata-kwata to sai an buɗe an duba ko ya zame.

In ya wuce gwajin, ki sake kunnawa Esc sannan F10. Ki fara duba kwanan wata, in kinga ya koma wata shekara can baya to zatona ya ƙara ƙarfi, ki gyara shi. Sai ki je Advanced, ki shiga Secure Boot Configuration, akwai wajen zaɓi, ki zaɓi Legacy Support Enable and Secure Boot Disable, ki adana ki fita. Zata sake tashi ta nuna miki lambobi huɗu tace ki rubuta ki danna Enter, ki rubuta su daidai, da yawa nan suke tsorata su kashe sai canjin yaƙi zama. Kar ki taɓa komai banda wannan, musamman duk inda kika ga Secure Erase ko Clear TPM ki yi nesa dasu. Ki dawo ki faɗa mana me kika gani.

Faiz_Linux

Allah ya saka Malam Sule, ka gama magana. Ni abinda zan ƙara kawai ko da abin bai yi ba, Windows yaƙi tashi daban, kaya sun ɓace daban, mutane na haɗa su wuri ɗaya shi yasa ake ta asarar takardu da hotunan biki a banza. Matuƙar dis ɗin na raye ana iya kwashe komai ba tare da Windows ɗin ya tashi ba.

Hanya ɗaya, ki sami fulash mai giga 8 wanda babu abin buƙata a ciki dan gogewa zai yi, a wata kwamfutar a sauke Ubuntu, wani tsari ne da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ya haura giga 5 saboda haka a nemi wajen da akwai wayifai kar data ta ƙare a hanya, a ɗora shi kan fulash ɗin da manhajar Rufus. Ki soka a laftof ɗinki, Esc sannan F9 ki zaɓi fulash ɗin, in ya buɗe ki zaɓi Try Ubuntu, dan Allah ki kula gwadawa ba ɗorawa ba, Install shine zai iya share miki komai. Daga nan ki buɗe wajen fayiloli zaki ga dis ɗinki a gefe, ki shiga Users ki shiga sunanki, Desktop da Documents da Downloads duk suna nan, ki kwafe zuwa wani fulash ɗin daban. Wani lokaci zai buɗe dis ɗin a yanayin da sai dai karantawa ba rubutawa saboda yadda Windows ke kashe kansa rabi da rabi, wannan ba matsala bane tunda kwafa kawai zaki yi.

Hanya ta biyu a zaro SSD ɗin a sa shi cikin ɗan gidan nan mai USB a jona a wata kwamfuta kamar fulash. Sai dai a duba wane iri ne, 840 G3 na ɗaukar mai faɗin nan na inci 2.5 tana kuma ɗaukar siririn M.2, shi ma M.2 ɗin akwai SATA akwai NVMe kuma ba kowane gida ke karanta duka biyun ba, kar a sa a wanda bai dace ba yaƙi nunawa ace miki ya mutu.

Abu ɗaya da ke iya kawo cikas shine BitLocker, wato tsarin da Windows ke kulle dis da shi. In a kulle dis ɗin yake zai nemi makulli mai lamba 48, kuma in kin taɓa shiga kwamfutar da asusun Microsoft yawanci yana ajiye a can, ki shiga asusun ta waya ki duba ɓangaren na'urori. Shi yasa Malam yace kar ki taɓa Clear TPM.

Kuma in har ta kai ga canza dis, ki karɓi tsohonki ki tafi dashi gida, kar ki barshi a shago.

Garba Business Centre

Slm ku gafarce ni na shigo cikin maganar baiwar Allah, amma tunda manya na nan. Malam Sule ni tawa Dell Latitude ce da muke buga takardu da ita a shago, tun shekaranjiya in na danna sai fanka ta ɗan juya, allo baƙi babu ko rubutu, sai ƴar wutar gefe tana ƙyaftawa ruwan lemo sau biyu fari sau uku ta tsaya ta sake. Yarona yace sikirin ne ya ƙone saboda janareto, har na fara tambayar kuɗin sikirin. Shagon a bakin titi yake ƙura kam ba a magana. Me kake gani?

Khadeejah_Zr

Alhamdulillah alhamdulillah!! Malam Sule Allah ya jiƙan mahaifa, Allah ya biya maka buƙatunka duniya da lahira. Na yi gwajin F2 duka biyun PASSED suka rubuta, na shiga F10 kwanan watan kuwa ya koma baya sosai kamar yadda ka faɗa, na gyara, na canza zuwa Legacy ta bani lambobi huɗun na rubuta, sai ga ɗigo ɗigon Windows na juyawa wlh har hawaye na yi. Komai na nan har fayil ɗin SPSS. Yaya Faiz nagode, tana buɗewa abinda na fara yi kenan na kwafe a fulash na kuma tura Google Drive na tura imel.

Amma akwai saura. Da aka ɗauke wuta da daddare ta mutu, na zare cajar na kwanta, yau da safe ina kunnawa 502 ɗin ya dawo da 3F0 ɗinsa, sai da na sake bin matakan nan kafin ta tashi. Kuma kafin in tuna in gyara agogo Chrome yaƙi buɗe ko wane shafi yana cewa agogona na baya. Kenan kullum haka zan dinga yi? Shi ƙaramin batirin zan iya canzawa da kaina ko sai na koma wajen masu gyara, dan gsky yanzu tsoronsu nake ji. Sannan wata ƙawata tace in ɗora Windows 11 kawai duk wannan zai wuce, haka ne?

Abba_Sharp

Masha Allah, Malam na ƙaru wlh, ban taɓa sanin batirin nan na iya jawo haka ba. Amma a yi wa masu gyara adalci, wani in ya tsaya bincike awa guda kwastoma ba zai biya kuɗin binciken ba, sai yaga an canza wani abu yake yarda an yi aiki.

Malam Sule Mai Kwamfuta

Amin ƙanwata, na ji daɗi ƙwarai. Abba maganarka akwai ƙamshin gaskiya, nima a kasuwar nake na san yadda ake fama da kwastoma, amma gwajin F2 ko minti biyar baya kaiwa, kuma wanda ya kawo maka kwamfuta amana ya kawo maka, abinda ke cikinta sau da yawa ya fi ita kanta daraja a wajensa. Ka share masa aikin shekara guda dan ka huta da bincike, ka kuma sayar masa da dis ɗin da baya buƙata, wannan gyaran gangar auzinawa ne. Yarana na shago dokar da na kafa musu kenan ba a fomat sai an tambayi mai kaya an kwafe a gabansa.

Khadija eh haka zata dinga yi duk sanda wuta ta yanke mata gaba ɗaya har sai an canza ƙaramin batirin, domin yanzu babu mai riƙe saitin in kin zare caja. Batun Chrome ma daga nan ne, shafuka na da takardar shaida mai kwanan wata, in agogonki ya koma shekarun baya sai yaga lissafin bai yi daidai ba yaƙi buɗewa. A babbar kwamfutar tebur CR2032 ne tsirara a ɗan gurbi, ki ɓanɓaro ki sa wani, amma a irin taki yana zuwa ne a naɗe cikin roba da ƴar siririyar waya biyu da ɗan kai da ake sokawa a bod, saboda haka na agogon bango ko na rimot ɗin mota ba zai shiga haka nan ba, ki nemi mai wayar ki faɗa musu sunan kwamfutar. Ban baki shawarar yi da kanki ba tunda baki saba ba, ɗan kan yana da laushi in aka fizgo ta waya yana iya tahowa da mazauninsa. Ki je wajen mai gyara ki ce masa batirin CMOS kawai zaka canza min, ki zauna a yi a gabanki, ya cire caja ya raba babban batir da bod kafin ya taɓa komai. Ki sa a auna sabon da mita ya nuna bolt 3 ko sama kaɗan, dan akwai waɗanda daga matacciyar kwamfuta ake ciro su a sayar. Bayan an sa zata sake nuna 502 sau ɗaya, wannan daidai ne, ki gyara agogo ki mayar da Legacy shikenan ta zauna. Tunda an buɗe a dubi babban batirin ma, in ya kumbura a cire shi ko da baki da kuɗin sabo yanzu, kuma in da hali ki sa wani, mutuwar nan da take yi farat ɗaya duk sanda aka ɗauke wuta ita ce wata rana zata lalata miki Windows ɗin ko fayil ɗin da kike tsaka da rubutawa.

Windows 11 kuwa ba maganin mataccen batir bane. Kuma wannan kwamfutar furosesa Intel zubi na 6 ne a cikinta, Microsoft daga zubi na 8 suka fara lissafin waɗanda suka amince dasu, ana ɗora shi ta bayan fage amma ba yanzu da kike tsakiyar furojet ba. Gaskiya ne tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft suka daina tallafin Windows 10 na yau da kullum, dole nan gaba ki yi tunani a kai, amma ki bari ki kare furojet ɗinki tukuna. In kin natsu akwai wani abu da ke cikin Windows 10 mai suna MBR2GPT da ke mayar da dis ɗin tsarin UEFI ba tare da ya share kaya ba, in an yi shi ko saiti ya sake komawa na kamfani zata tashi abinta, sai dai shima ba a yinsa sai an kwafe komai kuma wanda ya iya ne zai yi.

Alhaji Garba kar ka sayi sikirin. A Dell Latitude ruwan lemo biyu fari uku cewa take bata ga RAM ba, da allon ne da ruwan lemo biyu fari bakwai zata yi. To kai ne shawarar Abba ta dace da kai. Cire caja, buɗe ƙasa, raba batir da bod, ka buɗa ƙarafunan nan biyu na gefen RAM zai ɗago da kansa, zaro shi ta gefe kar ka riƙe haƙoran, goge su da magogin fensir mai tsabta, ka share ramin da busasshen burushi mai laushi, kar ka hura da baki saboda yawu. Mayar dashi a karkace ya shige sosai sannan ka danna ƙasa har ƙarafunan su kama. In guda biyu ne a ciki ka gwada ɗaya ɗaya a kowane rami dan ka gane ko RAM ɗin ne ko ramin. In duk ka yi wutar bata canza ba ka aro RAM irin nasa wajen wani ka gwada kafin ka sayi komai, ka duba takardar jikinsa, PC3L shine DDR3L, PC4 kuma DDR4, ba sa shiga ramin juna kar ka tilasta.